Littafin da Zuliha Ta Maido

Bayan la'asar Zuliha ta tarar da Rashid a zauren gidansu, bisa keken guragu. Tun hatsarin moto a hanyar Takieta, daga wuyansa zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Tana riƙe da littafin da ya aika mata, labarin wani Bature mai irin ciwonsa da ya yi aure har ya samu 'ya'ya.

"Kin karanta?"

"Har ƙarshe, Yaya Rashid." Ta ajiye shi bisa cinyarsa ba tare da ta dube shi ba. "Kai labarin mijin ka ji, ni kuwa matar na bi. Tana da masu taya ta juya shi, ga kwalta har ƙofar gida, amma kullum kuka take a ɓoye. Nan Birni yashi ne, keken ma sai an ɗauka."

"To ranar da aka sa mana fa?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Gobe Kawu zai maido kayanku."

Ƙuda ya sauka a leɓensa. Ta ɗaga hannu, ta fasa.

"Sauka lafiya," in ji shi.

Sai da takunta ya ɓace a lungu sannan ya kira Inna ta kore masa ƙudan.