Tauraron da Aka Zana a Kife

"Kin kashe kanki, Lalla Badi'a," in ji Tahar, yana yi wa takardata dariya.

Wasan tebur muke yi a wani shagon shayi a birnin Fas, kowa da matsafinsa na ƙage, Allah Ya raba mu da na gaske. Da zane ake jifa: tauraron da ya murɗa dama abokin gaba yake ci, na hagu kuwa mai shi. Nawa hagu ya yi, kuma shekara uku ina rainon matsafiyar nan tawa.

"Malamar lissafi guda!" in ji shi. "Ko garkuwa ba zan zana ba."

Da layi ya zo kansa, shayi kawai ya kurɓa. Na dube shi kamar yadda nake duban ɗalibin da ya saci amsa kuma ya faɗi.

"Ban ce na gama ba, Tahar. Mahaifina tayil ɗin ado yake haɗawa. A kife ake jerawa, sannan a juya."

Na juya siririyar takardar. Tawada ta ratso, tauraron ya murɗa dama.

Alƙaliyar wasan ta miƙa masa fensir. "Ƙago wani matsafin, wannan ya ƙone."