Mai Man Kaɗe a Filin Jirgi

Kai da kullum kake cewa garin nan ba shi da abin da duniya ke so, gyara zama ka ji misalin wata mata.

A wani ƙauye aka yi ta, sana'arta man kaɗe. Ta gaji gona a wurin mahaifiyarta, gonar kuwa ba ta da abin nunawa sai manyan itatuwan kaɗanya da suka riga kowa a garin zuwa duniya. Da damina ta tsinto ƙwara, ta shanya, ta soya, ta daka, ta niƙa, ta yi ta bugu da hannu har mai ya taso. Ranar kasuwa ta kai ƙwarya guda, a yi mata tayin wulaƙanci, ta sallama. 'Yarta ma da ta yi aure a birni ta daina karɓa, wai wari yake yi. Wannan magana ta fi tayin kasuwa yi mata ciwo.

Sai Allah ya yi wa ɗanta buɗi, ya biya musu Umara shi da ita. Ka dai san halin iyayenmu mata: ɗa ya biya jirgi, amma tsaraba sai ta fito daga hannun wadda ta yi tafiyar. Bakinta bai iya roƙonsa ba. Dama masu gawayi sun daɗe suna yi mata zarya, don itacen kaɗanya gawayinsa ba ya saurin cinyewa. Ta sayar musu da babbar itaciyar, wadda uwarta ke hutawa a gindinta, ta ce su bar sauran sai ta dawo a ƙarasa ciniki. Ta ƙulle kuɗin a lalita da niyya guda: so take ta sayo wa 'yarta man shafawa irin na manyan mata.

A hanyar dawowa, a filin jirgi, ɗan ya kai ta wajen shagunan da ba a ɗora wa kayansu kuɗin fito, ya ce nan ake samun sauƙi. Baiwar Allah ta tsaya a bakin ƙofa tana salati. Daɓen yana ƙyalli har tana ganin fuskarta a ciki, saura kaɗan ta cire takalmi. Agogo kowane da ɗan ɗakinsa na gilashi da fitilarsa. Ƙamshi kuwa ba ka san ta inda yake fitowa ba. Can ta nuna wata 'yar kwalbar man shafawa da ba ta fi ƙwan agwagwa ba. Ɗan ya latsa waya ya juya kuɗin zuwa namu, ya faɗa mata. Ta ɗauka tsokana ce. Ya ce ta yi haƙuri, inda za su canza jirgi wataƙila ya fi araha.

Da suka sauka can, ga kwalbar nan, ita ce dai, murfinta ɗaya, amma ta ƙara tsada. Agogon da suka baro kuma a nan ya sauko. Abin ya ɗaure mata kai: kaya bai ƙaru ba bai ragu ba, ya ratsa sama kawai ya sake kuɗi. Tana cikin wannan mamaki sai mai shagon, wata yarinya mai fara'a, ta lakato kaɗan ta ɗiga mata a bayan hannu. Ta murza. Man ya narke yadda ta san narkewa, ya shige fata yadda ta san shiga. An kashe warin da turare, amma hannun da ya tsufa yana bugun kaɗe ba ya ɓatan kai. Ta juya kwalbar, sai ga zanen dogon ganye mai lanƙwasa a gefe, da ƙwara a gindinsa.

"Kai, duba mini," in ji ta. "Wannan ba kaɗanya ba ce?"

Ɗan ya karanta, ya ɗago ya dube ta. "Ita ce, Inna."

Abin da ke faɗowa ƙasa a gonarta, awaki na tattakawa, shi ne aka kunna wa fitila a nan, masu hannu da shuni na kowace ƙasa suna layi a kansa. Ta girmama Allah da ya ɓoye wannan daraja a cikin ƙwara. Sannan hannunta ya kai kan lalita. Kuɗin itaciya sukutum, da gindinta da rassanta da inuwar uwarta, bai kai ya sayi wannan 'yar kwalba ba. Ɗan ya ce zai cika mata. Ta girgiza kai, ta mayar da kwalbar da hannu biyu.

Da ta dawo, masu gawayi suka zo sannu da zuwa, gatura a kafaɗa. Ta ba su dabino da zamzam, ta ce sauran itatuwan ba na sayarwa ba ne. Da suka tafi ta nufi gona, ta zauna a kan kututturen babbar, rana na dukanta a inda ba ta taɓa dukan uwarta ba. Ta san ko yau wata ta tsiro a wurin, sai dai jikoki su tsinci 'ya'yanta.

To, ka ji. Kafin ka sake raina abin da ke ƙofar gidanku, tuna da abin da Hausawa suka ce: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.