Layin Burodi a Umdurman

Zamanin mulkin soja ne. Wata la'asar Baba ya riƙo hannuna muka shiga layin burodi a tsohuwar unguwarmu ta Umdurman. Ya ɗauka babu mai jin Hausa a wurin, sai ya saki baki: "Azzaluman nan, ko burodi sun kasa ba mu!"

Wani mai baƙin tabarau, cikin jami'an tsaron da ke ɗauke mutane, ya dafa kafaɗarsa ta baya. Baba ya juya.

Mutumin ya sunkuyo, ya ce da Hausa tsantsa, "Malam, ka ci albarkacin yaron nan. Wuce gida."

Ranar da shayi kawai muka kwana. Har yau, in zan yi Hausa a kasuwa, sai na waiwaya.