Maɗacin da Waya Ta Tona

Tunda ka ce abin da ka sa a waya a waya yake tsayawa, bari ka ji na wani mai maganin gargajiya. Mutumin nan yana da wani tsohon maɗaci a cikin kwazazzabo bayan gari, shi kaɗai ya rage a yankin, kuma babu wanda ya san hanyarsa sai shi. Kakansa ya nuna wa ubansa, ubansa ya nuna masa, har da ƙa'idar ɗiba: sassaƙe faɗin tafin hannu daga gabas, faɗin tafin hannu daga yamma, a shafe gurbin da laka, ba a sake taɓawa sai damina ta zagayo. Da wannan itacen ake ɗora tukunya a gidansu tun zamanin kaka. Ana nan sai aka shigo da wata manhaja ta 'yan gari, inda ake sanar da juna unguwar da ruwan famfo ya zo, da gadar da ta karye, da akuyar da ta ɓata. Rannan wani ya rubuta a ciki wai maɗacin ƙwarai ya ƙare, duk masu magani ɓawon banza suke sayarwa. Maganar ta soke shi. Yana da riƙon asiri, amma bai iya haɗiye gori ba. Ya tafi kwazazzabo, ya dafa itacen, ya ɗauki hoto ya tura, ya rubuta a ƙasa: "Wanda bai sani ba ya yi shiru." Bai faɗi wuri ba, shi a dole ya yi wayo. Bai san manhajar tana ɗiga wa kowane hoto jan ɗigo a taswira, daidai inda aka ɗauke shi ba.

Bayan kwana biyar ya koma. Tun daga bakin kwazazzabo ya ga siririyar hanyar da ƙafarsa kaɗai ta sani ta cika da sawun babura. Ya ƙarasa, ya tsaya cak. Ga maɗacin tsirara, an zagaye shi da gizago tun daga saiwa har iyakar inda tsani ya kai. Ganyen kore shar, amma shi ya san itacen da aka zagaye ɓawonsa ya riga ya mutu. Ya fara salati. Wata mata da ke tsintar ɓarɓashin ɓawo a ƙasa ta dube shi da tausayi, ta ce, "Baba, ai ka makara. Wani bawan Allah ne ya nuna mana wurin, Allah ya saka masa da alheri." Ta miƙo masa wayarta. Ya ga hannunsa dafe da itacen, har da zoben azurfar da ubansa ya bar masa. Matar ta tsaya tana jiran ya ce amin.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce baki shi ke yanka wuya.