Ka Tambaye Ni a Fabrairu

Marit ta kashe injin jirgin ruwanta, don ƙaton kifin nan mai feso ruwa ya taso dab da su. Fasinjoji suka yi tsit. A cikin shirun nan Wendell, wanda ya shafe wata huɗu yana kwana a motarsa a bakin tekun Alaska, ya miƙo mata zoben neman aure.

Ba ta karɓa ba. Ta nuna masa kan duwatsu da haɓa, inda dusar ƙanƙarar farko ta sauka jiya.

"Ka san abin da baƙi ke yi in sun ga wannan?"

Ya sani sarai: tattara kayansu suke yi su gudu kafin sanyi ya kankama. Shi ma tun safe ya cika tankin motarsa.

"Ki biyo ni kudu mana."

"Ka tambaye ni a Fabrairu, cikin tsananin sanyi, sarkin yawo. A nan."

Ta tayar da inji.