Haihuwar Ƙarshe ta Jar Karya

Tunda ka ce iri kake nema, bari ka ji abin da ya sami wani mafarauci. Ubansa ya rasu bai bar masa gona ba, bai bar masa garke ba, sai wata jar karya siririya mai yagaggen kunne, wadda ita kaɗai ta rage daga irin karnukan gidansu. Ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma in ta sa hanci a sawun zomo, to wannan zomon kwanansa ya ƙare. Da ita yake cin abinci, da ita yake ciyar da iyali. Sai tsufa ya fara kama ta, gemunta ya yi fari, ya duba ya ga haihuwa ɗaya ta rage mata. Duk karen da ya haɗa ta da shi a wannan karon, shi ne uban abin da zai yi farauta da shi har ƙarshen ƙarfinsa. Da lokacin barbara ya matso sai ya ɗaure ta a ƙuryar gida, ya toshe ko'ina don kada wani karen unguwa ya riga shi, shi kuma ya shiga cigiya.

A ƙasarsu, in an fita farautar gayya da rani, nama na wanda aka tarar da shi a bakin karensa ne, ba a tambayar wa ya tayar, wa ya kora. A wani ƙauye kusa da su kuwa akwai wani ƙaton baƙin kare mai faɗin ƙirji, wanda kullum aka taso daga daji sai ka ga mai shi ya dawo kafaɗa a cike da zomaye da gafiyoyi, makaɗa na binsa da kirari. Mafaraucin nan ya sha tsayawa a bakin gari da yamma yana kallon wannan rataya, yawunsa na tsinkewa. Wani tsoho, abokin ubansa, ya lura da shi, ya ce masa, "Ɗana, nama kake kallo. Gobe ka bar karyarka a gida, ka hau tudu ka kalli gudun, sannan ka yanke shawara." Ya ce, "To, Baba," irin ton nan da ake yi wa tsofaffi don a rabu lafiya. A ransa kuwa ya ce ai ido ba ya ƙarya, ga nama nan a rataye kowa na gani. Da ya hau tudun nan sau ɗaya tak, da ya ga yadda ƙaton yake yi: ba ya shinshinar sawu, ba ya shiga ƙaya, laɓewa yake a gindin sabara har wani ƙaramin kare ya gaji da gudu ya cafke zomo, sannan ya fito da ƙarfinsa ya make shi ya ƙwace. Bai hau ba. Ya ja karyarsa ya kai ta wurin baƙin karen, har da goron godiya.

Ta haifi biyar, baƙaƙe, masu manyan ƙafafu, kowa ya gani sai ya ce tubarkalla. Ba ta daɗe da yaye su ba ta mutu, ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma da ya dubi 'yan kwikwiyon sai zuciyarsa ta yi sanyi. Gaskiya bai yi musu rowa ba. Ƙanzo da nono, dusa da romo, wani lokaci ma ya hana cikinsa ya ba su. Ya yanke musu kunne, ya koya musu kira, suka tashi ƙosassu, in yana tafe suna biye sai a ba shi hanya. A farautar gayya ta farko suka cika masa kafaɗa, shi ma aka yi masa kiɗa, ya wuce tsohon nan yana ɗaga kai.

Amma gayya ta rani ce kawai, ciki kuwa na kullum ne. Da damina ta faɗi kowa ya koma gona, sai ya fita shi kaɗai da karnukansa, kamar yadda ya saba da jar karya. Bai yi nisa ba zomo ya tashi a gabansu, kusa har yana iya ganin jijiyar kunnensa. Ya yi kuwwa, ya nuna da hannu. Karnuka biyar suka tsaya cak, wannan ya dubi wancan, wancan ya dubi wannan, kowa na jiran a sami mai kora. Zomon ya tsere. Haka zomo na biyu ya tashi ya tafi, haka na uku. Rana ta take, ga yunwa, ga iyali a gida sun ɗora tukunya. Da na huɗu ya tashi, takaici ya sa ya daina kiransu, ya saki kere, sandarsa ta jifa, da hannunsa, Allah ya ba shi sa'a ya karya masa ƙafa. Ya ruga ya danne shi, yana lalubar wuƙa don ya yanka. Nan fa ya ga gudun da bai taɓa gani ba. Biyar ɗin suka taso kamar kibau, suka banke shi ya faɗi, suka fizge zomon daga hannunsa, kafin ya miƙe sun yayyaga shi. Ya zauna cikin laka da wuƙa a hannu yana kallonsu suna lashe baki, ya san babu wata karya a gida da za ta sake haifa masa wasu.

Ba su ci amanarsa ba, sana'ar ubansu suka yi, shi kuwa shi ya zaɓo musu uban. Shi ya sa Hausawa suka ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.