Tabon Bayan Kujera

Kullum kafin ya buɗe shago, mai hoto yakan jijjiga kwalaben tawadarsa. Ta gawayi ce, shi yake haɗa abarsa, daga baƙi wuluk har zuwa ruwan toka. In aka bar ta zaune, garin yakan kwanta a gindin kwalba ya toshe injin buga hoto. In aka kula da ita, hoton da ta buga sai ya ga jikoki bai koɗe ba.

Saboda hoto ɗaya ya koyi wannan wahalar. Mahaifiyarsa ta rasu yana cikin tsumma. Yana yaro babansa ya miƙa masa wani ɗan hoto, ya ce tana ciki, ya kau da kai, bai ƙara zancen ba har ya bar duniya. Mace ce a kan kujera tana dariya, da jariri a cinya. Ita yake kai wa kukansa tun yana firamare. Matarsa ma takan tsokane shi, wai haƙoransu iri ɗaya.

Hoton ya dusashe, har ya fara ɓarewa. Ranar da ya kwafe shi a kwamfuta, fuskar takardar ta manne wa gilashin na'urar kwafin, ta saluɓe.

Bugun farko ya fito da wani duhu a bayan kujerar. Ya zargi tawada. Ya tace ta, ya sake haɗi, ya wanke injin, duhun na nan daram. Sai ya yanke cewa tabon danshi ne. Ya zauna ya goge shi tas, ya mayar da wurin bango, ya zubar da gurɓatattun bugun, ya share tsohon kwafin don kada ya ruɗe shi.

Na ƙarshen ya yi kyau har ya sa shi hawaye. Ya sa shi a firam ya kai wa goggonsa, ƙanwar babansa, wadda ita kaɗai ta rage cikin manya.

Goggo ta sa tabarau, ta yi murmushi, ta nuna matar da ke kan kujera, ta ce Allah ya jiƙan maƙwabciya, mutuniyar kirki. Sannan ta matso da hoton kusa da ido, tana shafa bangon da yatsa.

"Ita ta riƙe ka, don uwarka ba ta iya zama ranar. Ɗan nan, a nan bayan kujera take kwance tana leƙen ka. Ina ka kai ta?"